Kifayen da Kika Saya Don a Saki

Zuwa ga Mama Lin, mai gidan hayarmu na Dengfeng, a birnin Guangzhou.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Chen. Garba ne, mai sayen takalma daga Kano, ɗan hayarki na hawa na huɗu, wanda kuka sha rigima da shi a kan daddawa, ni ina cewa ƙamshi, ke kina toshe hanci.

Na san ba kya jin Hausa, lambar wayarki kuma ta daina shiga tun da daɗewa. Wani ɗan uwa da ya je bara ya ce mini wasu ne a gidan yanzu, ba su san inda kuka koma ba. Shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a za su gani. Su karanta, ba komai. Godiyar da nake riƙe da ita ta yi mini nauyi, in kuma sun yi mini dariya a kan zancen kifi, ai na cancanta.

Kin tuna shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasarku, lokacin da biza ta yi wuya, yawancin 'yan uwanmu suka tattara suka koma gida? Ni na tsaya saboda ba a gama ɗinka mini kaya ba. Ina kasuwar Sanyuanli da rana tsaka, ina gardama da wani mai shago a kan lambar takalmi, cikina ya murɗa kamar an ɗaure shi da igiya. Da ƙyar na shiga tasi. Ke kika tsince ni a kan matakala na naɗe, kika ƙwala wa Malam Chen kira. Malam nake ce masa domin tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma shi kaɗai yake jin ɗan Turanci a gidan. Ku biyu kuka kai ni asibiti. Likitoci suka ce afendis ne, ya kusa fashewa, sai an yi aiki nan take.

Da aka kwantar da ni, na yi kalmar shahada, na shirya. A raina ina tsammanin zan ga wani abu. Ko mafarki, ko fuskar marigayi mahaifina, ko wani haske irin wanda ake ba da labari. Aka yi mini allurar barci, aka ce in ƙirga. Na kai huɗu. Sai kawai na ji ana bubbuga kafaɗata, ga bandeji a cikina, wai sa'a uku sun wuce.

Mama, ban ga komai ba. Ko duhu ban gani ba. Mai barci yakan farka da sanin cewa ya yi barci, yakan ji lokaci ya ja. Ni daga huɗu sai farkawa, babu komai a tsakani, kamar an yanke wani yanki na rayuwata da almakashi an haɗe bakin.

Washegari na sa Malam Chen ya tambayar mini likita, ina na je a waɗannan sa'o'i? Likitan matashi ne, mai fara'a, bai nufe ni da sharri ba. Ya yi dariya ya ce ba inda na je. Magani ne ya kashe aikin ƙwaƙwalwa kamar yadda ake kashe fitila, da ya sake ta sai na dawo. Na ce to ni ɗin fa, ina nake? Ya buɗe tafin hannunsa ya ce meyo, wato babu, kalmar da masu shago suke gaya mana in kaya sun ƙare.

Wannan kalma ta biyo ni har gida. Tun ina shekara bakwai nake salla, ban taɓa zama na yi shakkar komai ba. Yanzu ga wani tunani ya maƙale mini: in ɗan ruwan allura zai iya shafe ni haka, ashe ni ba kowa ba ne sai wannan naman da ke cikin kaina? In ya ruɓe shi ke nan? Na yi ta neman tsari daga Shaiɗan. Ina salla a zaune saboda ɗinki, bakina yana karatu, zuciyata kuwa ƙeƙasasshiya. Na ji tsoro, Mama, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Kunya kuma ta hana ni gaya wa 'yan uwa a masallacin Juma'a, don na san za su ce aljanun Caina sun taɓa Garba.

Ke ba ki san abin da ke damuna ba, amma kin ga ina rama, kin ga na daina tsokanarki. Wata rana da hantsi kika ƙwanƙwasa ƙofata, kika ajiye jan bokiti da kifaye huɗu masu rai a ciki, manya, masu kama da karfasa. Kika yi dogon bayani da harshenku, kina nuna ni kina nuna su. Ban gane ko ɗaya ba, na dai yi ta cewa shiye shiye, na gode. A wurinmu in aka zo dubiyar marar lafiya da kifi, magana ɗaya ce. Kina sauka na ɗauko wuƙa.

Wallahi na zage na yi farfesu na gani na faɗa. Citta, tafarnuwa, masoro, attarugu, da sauran daddawar da nake ta lallaɓawa. Tun da aka sallame ni ban ci abinci da daɗi irin na ranar ba. Kuma tunda ba a mayar da mazubi haka nan, sai na wanke bokitin tas, na zuba babban kan kifi da tsoka biyu a kwano, na sa a ciki, na sauko ina dafa bango, ina jin kaina mutum mai tarbiyya.

Ba zan manta fuskarki ba da kika buɗe kwanon. Kika zauna a kan kujerar roba, kika rufe baki da hannu, hawaye suka zubo. Malam Chen ya leƙo, ya kalli kwano, ya kalle ni, ya shiga ɗaki ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya fito ya yi mini bayani. Ku mabiya Buddha, in wani naku ya tsallake rashin lafiya, kukan je kasuwa ku sayi abu mai rai da aka kusa kashewa, ku kai shi kogi ku sake shi. Kin kawo mini su ne su kwana a wurina, da safe mu je tare in sake su da hannuna. Ke da rabonki da cin nama shekara da shekaru, na kawo miki kan wanda kika ceto a cikin romo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba ki yi mini faɗa ba. Kika share ido, kika ce a tambaye ni ko na ƙoshi. Na ce na ƙoshi. Kika ce to ba su mutu a banza ba.

Wataƙila kunyar ce ta buɗe mini baki, domin a ranar na gaya wa Malam Chen duk abin da ke cina. Ya saurare ni har na gama. Ya ce likita bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Masana sun san maganin da ke kashe fitilar da wanda ke kunna ta, amma har yanzu ba wanda ya san yadda aka yi nama da jini suka iya jin zafi, ko kunya, ko kewar gida. Shi ra'ayinsa na mabiya Dao ne, wata tsohuwar aƙida ta ƙasarku. Ya ce sama da kogi da kifi da ni da shi duk abu ɗaya ne mai gudana a kan hanyarsa, babu wani a waje da ya tsaya yana juya shi, kuma abin da muke kira Allah shi ne wannan duka. Na ce a'a Malam, a nan kam mun rabu. Shekara ashirin ina harkar takalmi, ban taɓa ganin takalmin da shi ne baduku ba. Ya yi dariya har da tari, ya ƙara mini shayi. Bai ja ni ba, ni ma ban ja shi ba.

Da safe kika sake sayen wasu huɗu, muka tafi bakin kogin da ya ratsa birni. Kika haɗa hannu kika yi addu'arki, na tsaya gefe ban sa baki ba, ba ki kuma nemi in sa ba. Na tsoma hannu na kamo na farko. Na sha kama kifi a rayuwata, amma ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Yana ta fizge-fizge a tafina, yana buɗe baki, duk jikinsa yana cewa ba ya son mutuwa, kamar dai ni a kan matakalarki. Na sake shi, ya yi jim kaɗan, sannan ya kaɗa wutsiya ya nutse.

A nan kika tambayi mijinki me muka daɗe muna tattaunawa jiya. Ya gaya miki. Kika dube ni kamar wanda ya faɗi shirme. Kika ce sa'a ukun nan kina zaune a bakin ɗakin tiyata da carbinki na katako, ba ki ko tashi shan ruwa ba. Sannan kika faɗi maganar da Malam ya juya mini, wadda har yau nake riƙe da ita: "Kai ne ba ka san kana nan ba. Ni na sani."

Ni duk a zatona sanina ne yake riƙe da ni, in ya ɗauke na ɓace. Ashe lokacin da ban san kaina ba, akwai wata tsohuwa a kan benci da ta san ni, ta san sunana, tana jiran in fito. In kuwa ke, baiwar Allah mai gajiya da gyangyaɗi, kin iya riƙe ni a ranki ina can ban san inda nake ba, ina ga Wanda ya halicce mu ni da ke, wanda ba ya barci kuma ba ya mantuwa? Ba wannan kike nufi ba, na sani, addininki daban da nawa. Amma ta bakinki amsar ta zo mini.

Da muka dawo na yi alwala na tayar da sallar azahar. Ban kai ƙarshen raka'ar farko ba kuka ya ci ƙarfina. Kin ji ni daga ƙasa, kin hawo da sauri kin zaci ɗinkin ne ya ɓalle. Kika same ni a kan dadduma, kika ja ƙofa a hankali kika koma. Azumi ya kama bayan 'yan kwanaki, na yi shi da zuciya mai rai.

Mama, abin da ya sa na rubuta yau shi ne, ranar Alhamis mai zuwa za a sake kwantar da ni a nan Kano, aikin ƙoda ne, kuma likitoci ba su ɓoye mini cewa shekaru sun ja ba. Iyalina duk sun damu. Ni kuwa na duba raina da kyau, ban sami tsoron nan ba. In na farka, alhamdu lillahi. In ban farka ba, akwai Wanda ya san inda nake. Ba na son in shiga ɗakin ban ce miki na gode ba.

Idan kina raye, Allah ya ba ki lafiya ke da Malam, ya sa ki gama da duniya cikin kulawar masu tausayi, ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa ga abin da ya yarda da shi. Idan kuma kin riga ni, na bar al'amarinki a hannun Mai rahama, shi ya ga zamanki a kan bencin nan, ni ban gani ba. Amin.

Ɗanki na hawa na huɗu,
Garba mai takalma, Kano.