Layi na Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya Anti da yara? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma da sauƙi. To, na gaishe ka yadda aka koya mana, saura tambaya: da wane hannu ka goge sunana ka rubuta naka?

Kada ka ce ba ka gane ba. Ka san na'urar yanka sitika ta shagon da nake aiki ta tsufa, masu ƙera ta sun daina yi mata manhaja. Na samo wata manhaja wadda aka bar rubutunta a buɗe, kowa ya ɗauka ya haɗa da kansa. Na sauke, na ba kwamfuta umarni, ta yi ta haɗawa har kashi saba'in da uku, sai ta tsaya cak ta zubo min jan rubutu, wai ta kira wani aiki a cikin laburare, wato rumbun rubutun da manhajar ke aro daga ciki, ba ta same shi ba. Kwana goma sha tara ina kan kuskuren nan. Tsakanin mai son kati da mai son hoton fasfo nake karatu, ƙamus a waya, littafin nan mai yagaggen bango da ka zubar yana kan cinyata. In share, in sake saukewa, saba'in da uku dai, kamar an kafe ta. Har mai shago ya laƙaba min lambar, yanzu da ita kowa yake kirana.

Da ƙyar na gano cewa sabuwar sigar laburaren ta canja wa aikin suna. Layi huɗu na rubuta, ta wuce har ɗari. Na'urar ta yanka harafin farko. Kai na fara tura wa layukan, don kai ne mai digiri, na roƙe ka ka gyara min Turancin bayanin kafin in aika wa masu manhajar. Ka ce in dakata. Ni kuma sakarai, na dakata.

Ranar Litinin na je ganawar aikin nan da na ba ka labari. Sun san ba ni da takarda, suka ce in nuna abin da hannuna ya taɓa yi. Na buɗe layukana ina ta zuba. Matar da ke shugabantar su ta shiga shafin manhajar, ta juyo min da allon. Ga gyarana an karɓa, ko waƙafi ba a taɓa ba, ga sunanka a sama, ga godiya ana yi maka. Ba ta zage ni ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon da ake wa wanda ya shigo taro da rigar wani. Ta ba ni zuwa Alhamis in kawo shaida.

Sai jiya ga saƙonka, daɗin baki kamar ba kai ba: wai mai kula da manhajar ya yi tambaya a shafin, mene ne amfanin layi na huɗu, shi a ganinsa ko an cire ba komai. Wai in ɗan rubuto maka amsar. Yaya, ko kunya! Wannan layin shi kaɗai ya ci min kwana shida. Na san abin da yake tarewa, na san a kan wace irin kwamfuta komai zai rushe idan babu shi. Ba zan faɗa maka ba.

Mama ta ce in yi haƙuri, duk sunan gida ɗaya ne. Ban musa mata ba. Amma kai sunan nan ado ya ƙara maka, ni kuwa shi ne takardata kaf.

Ba na son kiran waya, ba na son a shiga ɗaki a sasanta mu. Tambayar tana nan a shafin, kowa yana gani, har matar nan. Ka hau can kafin Alhamis. In layin naka ne, ka faɗa musu amfaninsa. In ba naka ba ne, ka faɗa musu na wane ne.

A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Saba'in-da-Uku