Da bakina na ce shekarunsa sha takwas

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya daure ya kai ƙarshe. Wata biyar ke nan ina zagin kaina safe da yamma, ba wanda zai zo mini da sabon zagi. Shawara nake nema, kuma kafin Talata mai zuwa nake buƙatarta.

Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, muna zaune a Badariya da maigidana da yaranmu uku. Kowa ya san ni da zafi. A makaranta yara na jin takun takalmina za su shiga taitayinsu, kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da hakan. Wannan sunan da na yi ne ya sa yayana, manomin shinkafa a Gulma, ya kawo mini ɗansa ya yi sakandare a hannuna. Zan kira yaron Nura, ba shi ne sunansa ba. Ranar da Yaya ya kawo shi ya ce, "Malama, ga ɗanki nan. Abin da kig ga ya dace ki yi mishi, ba ni tambaya." Shekara biyu muna lafiya. A ta uku yaro ya fara canzawa: ya sa kayan makaranta ya fita amma ba a gan shi a aji ba, ya samu wata majalisar samari a bayan gidan kallon ƙwallo, wataran ya dawo ido jajur yana magana kamar harshensa ya yi masa nauyi. Na yi faɗa, na yi duka, na hana abinci, na yi nasiha har da kuka. Sai ranar da na tarar ya kwashe rabin buhun shinkafar da ubansa ya aiko mana ya sayar. Da na tsare shi, sai ya ɗaga mini murya a gaban 'ya'yana ya ce, "Ai ta babana ta, ba taki ba." Wallahi ba shinkafar ce ta ƙona mini rai ba. Ni za a mayar wa magana a cikin gidana?

Kun san abin da iyaye ke yi a garuruwanmu idan yaro ya gagara. A kai shi wurin 'yan sanda a ja masa kunne, ya kwana ɗaya ko biyu sauro ya cije shi, ya fito yana tuba. Na san mutum uku da suka yi haka kuma suna yabawa. Akwai wani ɗan sanda a unguwarmu da na koyar da 'ya'yansa, sai na same shi a ofis ranar Juma'a da safe, ban gaya wa maigidana ba don yana kan tafiya. Ya ce ba damuwa, amma sai an rubuta ƙara don kada babba ya zo ya tarar da mutum a rufe ba takarda. Ya ɗauki biro ya ce, "Shekarunai nawa?" Na ce sha biyar. Sai ya ajiye biron. "Malama, ai wanga yaro na. Ba mu iya rufe shi. Sai dai a kira ma'aikatan jin daɗin jama'a, su ko sai Litinin, kuma hannunki za su maido shi." Jama'a, a nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita na ƙi bi. Nura dogo ne, irin tsawon gidanmu, gashin baki ya fara tsiro masa. Na ce, "To rubuta sha takwas." Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata?" Na ce kwana biyu ne kawai, wa zai karanta? Ya rubuta cewa ɗan shekara sha takwas ya yi sata a gidan mariƙiyarsa, na sa hannu. Bayan an sauko daga masallaci suka ɗauke shi a majalisar, kuma da yaran unguwa suka rugo suna gaya mini, har salati na yi ina dafe ƙirji kamar ban san komai ba.

Shirinmu shi ne in je ranar Lahadi in yi kamar na roƙa a sake shi. Lahadi ta zo, na tuna da maganar da ya yaɓa mini, na ce bari ya ƙara kwana ɗaya ya ji a jikinsa. Litinin kuma masu duba makarantu suka zo mana, ban samu fita ba sai da aka tashi. Ina isa na tambayi ɗan sandan nan, aka ce tun Asabar aka tura shi aiki Argungu. Na tambayi yaron, ɗan sandan da ke kan kanta ya buɗe littafi ya ce ai an kai su kotu tun da safe. Su wa? Ashe ranar Asabar an kamo wasu samari huɗu kan ƙwacen waya, har sun yanki mai wayar a hannu, ɗaya daga cikinsu ɗan majalisar su Nura ne, da aka matsa masa ya lissafa abokai sai ya nuna Nura, tunda ga shi nan a gefe a rufe tare da su. Aka haɗa su a takarda ɗaya. Alƙali ya duba, duk manya ne a rubuce, ya ce a kai su gidan yari su jira shari'a. Ko Nura yana cikin ƙwacen ko ba ya ciki, Allah ne masani, shi dai ya rantse mini ba ya ciki. Amma ko da yana ciki, ɗan shekara sha biyar ne fa. Tun ranar ake ɗage zama, yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe babu motar da za ta kawo su.

Yaya bai san komai ba. Abin da ya sani shi ne an yi kame an haɗa da ɗansa. Ya bar gona a hannun maƙwabta, ya hau mota daga Gulma ya zo, ya zauna a tabarmar tsakar gidana yana kuka, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka binne mahaifinmu. Wani ya tsegunta masa cewa ba kame ba ne, ƙara aka kai. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Wanda duk yak kai sunan ɗana, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah shi hana mai kwanciyar rai, duniya da lahira." Ya juyo ya dube ni yana jira. Na ce amin. Da wannan bakin na ce amin. Matarsa kuma kullum sai ta bugo waya tana mini godiya wai ina ɗawainiya da ɗanta, har ta aiko mini da busasshen kifi. Yana nan cikin leda, na kasa sa shi a miya, na kasa bayarwa.

Kwanaki na ji ana hira a rediyo, wasu manya suna cewa lokaci ya yi da gwamnati za ta gyara yadda take bi da yaran da suka yi laifi, a daina cusa su cikin manyan masu laifi, a riƙa sulhu da koyar da sana'a da sa ido a kansu a gida. Na kashe rediyon na yi ta kuka. Ina kuke ranar Juma'ar nan? Ba ina neman wanda zan ɗora wa laifina ba ne, nawa ne ni kaɗai. Amma ku gaya mini, mace da yaro ya fi ƙarfinta, tsakanin bulalar gidanta da ɗakin 'yan sanda, ina za ta kai shi? Wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa a garin nan a ce zauna, kawo yaron mu ji abin da yake sha, mu ji abin da ke damunsa? Kuma ta yaya takarda ɗaya da wata mai fushi ta sa wa hannu za ta wuce ɗan sanda, ta wuce kotu, ta wuce ƙofar gidan yari, ba a samu mutum ɗaya da ya dubi fuskar yaron nan ya ce a dakata ba? Idan akwai mai iko da ke karanta shafin nan, don Allah ya sani ba Nura kaɗai ba ne a ciki. Na ga wasu a wurin ziyara waɗanda muryarsu ma ba ta gama buɗewa ba.

Yanzu ga inda nake. Akwai wata lauya da ke kare marasa ƙarfi kyauta, Kirista ce, iyayenta 'yan Filato ne amma a nan ta tashi, ita ta karɓi shari'ar. Makon jiya ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa, ta ajiye takardar a gabana. Ta ce, "Malama, wannan sa hannunki ne ko?" Na ce nawa ne. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce a gida aka haifi Nura, ba shi da takardar haihuwa, rajistar makaranta ta nuna sha biyar amma mai gabatar da ƙara zai ɗaga wannan ya ce ga abin da mariƙiyarsa ta shaida. Hanya ɗaya ce: ranar Talata in tsaya gaban alƙali in ce ni na kai shi, kuma ƙarya na yi a shekarunsa. In na yi haka tana da ƙarfin neman a cire shi daga cikin manya a mai da maganarsa ta yara. In ban yi ba, zai ci gaba da zama har ranar da Allah ya yi. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa ana iya tuhumata da ba hukuma bayanin ƙarya, kuma yana iya taɓa aikina. Ɗan sandan da ya rubuta ya dawo, yana ta roƙona in rufa masa asiri. Ni duk ba wannan ke hana ni barci ba. Yaya zai zo kotun ranar. Nura zai kasance a tsaye cikin akwatin waɗanda ake tuhuma yana kallona.

Jiya na kai masa abinci. Watan farko da ya gan ni kuka yake yi, yana riƙe hannuna ta tsakanin ƙarafa. Yanzu ba ya kuka. Ƙazwa ta cinye masa yatsu, yana wanke wa wani babban fursuna kaya don ya samu wurin shimfiɗa haƙarƙari, har sun raɗa masa wani suna da ya ƙi gaya mini. Ya ci abincin a tsaye, sannan ya matso ya rage murya. "Gwaggo, nan ciki an hwaɗa min ba a rasa gano mai kai ƙara. In na hito sai na nemo shi, ko wane na. Na san abin da za ni yi mai." Na ce Nura ka ji tsoron Allah. Sai ya yi wani murmushi da ban san shi da shi ba, ya ce, "Ke dai bari, Gwaggo. Duk garin ga ke ɗai ta ba ki yashe ni ba. Ran Talata ki zauna inda ni ka ganin ki, in na gan ki hankalina na kwanciya."

Na ce masa to. In na yi shiru, ina kallo wurin nan zai gama cinye shi. In na yi magana, zan fitar da shi, amma a gaban ubansa zan ƙwace masa mutum ɗaya da ya rage ya yarda da ita, kuma ban san wane irin yaro zai fito daga ƙofar ba bayan ya ji. In fara zuwa Gulma in durƙusa gaban Yaya? In gaya wa Nura ta tsakanin ƙarafa kafin ranar, ko in bari ya ji a kotu? Kwana biyar suka rage, kuma ko sallah na tayar sai in manta raka'a ta nawa nake. Don girman Allah, me zan yi?