Tokar Gwaggo a Kan Baƙar Mota

Zuwa ga Kawu mai filin shawara,

Gaisuwa da ladabi. Don Allah Kawu ka taimake ni, ka daure ka karanta takardar nan har ƙarshe, domin ba ni da wanda zan gaya wa a nan. Da na ɗauki alƙalami, niyyata in tambaye ka yadda ake fitar da tabo daga fentin mota kawai, sai na ga tambayar ba za ta yiwu ba sai na faɗi yadda tabon ya samu.

Ni direba ne, mutumin Yawuri. A soja na koyi tuƙi, na ja manyan motoci a yaƙin Bama. Da aka sallame mu na yi ta yawon neman aiki har rabo ya kawo ni ƙasar Kazaure, wani gari tsakanin Roni da Gwiwa. Ina tuƙa wani attajiri mai sayen gyaɗa, zan kira shi Maikasuwa, amma ba sunansa ke nan ba. Iyalina suna can Yelwa bakin kogi. 'Yar da na bari tana rarrafe, an ce yanzu ita ke ɗebo ruwa. Nan kuwa daga duwatsu sai rana. Har yau Bayawuri suke ce mini, in na yi magana a kwaikwaye ni a yi dariya.

Bara maigida ya sayo baƙar mota sabuwa fil daga Kano. A ƙofar gidansa akwai ceɗiyar da mahaifinsa ya dasa, a gindinta marigayin ke zama ana gaishe shi. Maigida ya ce nan za a riƙa ajiye motar, duk wanda ya zo gaisuwa ya gan ta a inuwar mahaifinsa. Na gaya masa cikin ladabi cewa jemagu ke wuni a bishiyar, kashinsu cin fenti yake yi, ga farin ruwan da ke ɗiga daga rassanta mai danƙo. Ya ce don tuƙi ya ɗauke ni, ba don shawara ba.

To haka nake wanki kullum da safe, kafin la'asar an sake ɓata ta. Wasu daga cikin tabon suka bushe a rana suka kama, ko sabulu ba ya motsa su. Ran da zai tafi Ikko ya tsaya a gaban masu gaisuwa yana nuna tabon da sandarsa, ya ce bai taɓa ganin soja ƙazami ba sai ni, in ya dawo ya tarar da su in ajiye masa mabuɗi. Na kai shi tashar jirgi a Kano, na dawo da motar.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Kawu. Bai taɓa danne mini hakki ba, kuma da zazzaɓi ya kwantar da ni, da kansa ya zo ɗakina duba ni. Bakinsa ne dai ba daɗi, ya fi son faɗa a gaban jama'a.

A gidan akwai Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinsa. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, tana wani ɗan ɗaki kusa da zaure, idonta ya yi rauni. Ita kaɗai ta taɓa tambayar sunana a garin nan. Ita ke aiko mini da fura da rana, tana tambayar lafiyar yarana da sunayensu. An san ta da gyaran tasoshi: duk amaryar da za a yi wa jere, ita ake kai wa kwanonin tagulla ta goge da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya da yashi mai laushi, su fito kamar yau aka ƙera su. Ashe ta ji faɗan nan daga zaure.

Ranar Juma'a na tafi masallaci. Ina dawowa na tarar da ita a gindin ceɗiya da ƙwarya da soso, hannu duk toka, tana murmushi. Ta ce ta fitar mini da tabon motar, kada ɗan wanta ya sake ci mini mutunci. Tabon kam sun fita, Kawu. Amma murfin inji ya yi dusu-dusu, wuri mai faɗin faifai ya koma toka-toka, duk zanen yashi. Ita ba ta gani, shafawa take da tafin hannu tana jin sumul. Na durƙusa na yi mata godiya. To me zan ce?

Na wanke da sabulu, ba canji. Na shafa man gyaɗa, ya yi ƙyalli na ɗan lokaci, ƙura ta hau ya fi da muni. Maigida kuwa yana tafe cikin watan nan. In na ce ni na yi, aiki ya tafi, kuma direban da aka kora don ya lalata mota, daga nan har Babura ba mai ba shi wata. Ga shi na yi wa matata Ma'u alkawarin ɗauko su bayan kaka. In na ce Gwaggo ce, na san halinsa, zai yi mata tas a gaban matan gida, ta zama abin dariya, watakila ma ya mai da ita ƙauye inda ba ta da kowa. Wani lokaci zuciya ta ce mini ai danginsu ne, su ƙarata can, ni wa ya taɓa tausaya mini? Ina cikin wannan sai kwanon fura ya iso.

Na gaji, Kawu. Ka gaya mini abin da ke gyara fentin nan, in akwai. In babu, ka gaya mini wanne zan ɗauka a cikin biyun.

Naka,
Baƙo Mai Tuƙi, ƙasar Kazaure.

AMSAR KAWU

Malam Baƙo, sannu da haƙuri. Mu fara da motar, ita ta fi sauƙi.

Goge man gyaɗar nan da sabulu da ruwan ɗumi, kada ka sake shafa shi. Sauran kashin jemage da ya bushe, ba a kankare shi; jiƙa tsumma ka ɗora a kai ya yi laushi, sa'an nan ka ɗauke. Danƙon ceɗiya kuwa ɗigon kananzir a ƙyalle yake so, ka bi da sabulu nan take. Duk a inuwa, ƙarfe na da sanyi.

Wurin da aka goge, duba shi da kyau. In har yanzu baƙi ne a ƙarƙashin dusu-dusun, fentin yana nan. Man nan da kuke goge maɓallan tagulla na kaki da shi a soja yana kwantar da ƙananan zane. Gwada shi tukuna a gefen ƙofa inda ido ba ya kai, sa'an nan ka bi wurin da ƙyalle mai laushi, a hankali, kaɗan-kaɗan, ka rufe da man goge mota na kanti. In kuwa ka ga jan fentin ƙarƙashi ko ƙarfe ya leƙo, tsaya nan, aikin mai fenti ne a Kano. Ko ya gyaru, mai motar zai gane, kada ka sa rai da ɓoyewa.

Yanzu ga babbar. Kada ka ce kai ne. Ƙarya ce, kuma ba za ta daɗe ba, abin da aka yi da rana tsaka a ƙofar gida ba a rasa wadda ta leƙo ta gani. Kuma Ma'u da yara suna da hakki a kanka, aikin nan ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yi kyauta da shi. Maikasuwa ma yana da hakkin sanin abin da ya sami dukiyarsa. Ya yi kuskure da ya ƙi jin maganarka, ya ƙara da muzanta ka, amma kai da kanka ka shaide shi da riƙon amana.

Ka ce a gaban jama'a yake faɗa. To kada ka ba shi jama'a. Ran da za ka ɗauko shi, tare shi tun a bakin jirgi, kafin idonsa ya kai ga motar. Ka fara da cewa amanarka ce, a hannunka abin ya faru. Sa'an nan ka faɗi wadda ta yi da dalilinta, ba ƙari ba ragi, ba gori. Ka roƙe shi abu ɗaya: kada Gwaggo ta san ta yi ɓarna. Mutumin da ya yarda fentin motarsa ya lalace don girmama bishiyar mahaifinsa, tuna masa a hankali cewa wannan ƙanwar mahaifin ce, kuma ita tana da rai. Hanyar Kano zuwa Kazaure ta isa fushi ya huce. In ya sauko, nemi izinin kafa rumfar zana a gefen ceɗiyar, ko ka riƙa rufe motar da tamfol.

Ba zan yi maka alkawarin ba zai kore ka ba, ban san zuciyarsa ba. Amma in ya kore ka a kan gaskiya, da sunanka za ka fita. Kuma kada ka yi jinkiri. Ka ɓoye sunan gari da na maigida, amma baƙaƙen motoci da Bayawuri ke tuƙawa ba su da yawa a ƙasar Kazaure, jaridar nan kuwa a ƙofar gida ake karanta ta da ƙarfi. Ka riga ta isa kunnensa.

Allah ya sassauta zuciyarsa, ya saka wa Gwaggo da niyyarta, ya haɗa ka da iyalinka bayan kaka. In furarta ta iso gobe, ka sha, ka yi mata godiya kamar kullum.

Kawu.