Ma'aikacina ba ya iya cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Admin, ka ɓoye sunana, Allah ya rufa maka asiri. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, domin na yi istihara, na duba abin da na karanta a wurin malamaina, amma zuciyata ba ta natsu a kan komai ba.

Ni dattijo ne, ina karantar da fikihu bayan asuba, ina kuma da shagon ɗinkin batakari, wato rigar saƙi ta gargajiya, mai ma'aikata shida a unguwar Nyohini da ke Tamale. A cikinsu akwai wanda zan kira Sa'adu, ya kusa shekara talatin. Mahaifiyarsa ce ta kawo mini shi, ta ce likita ya kira larurarsa otizim, ba hauka ba ce, ba aljanu ba ne, haka Allah ya halitta shi. Ba ya kallon idon mutum, ƙarar kekunan ɗinki kuma tana gigita shi. Sai na ba shi ɗakin baya, ina rubuta masa aikin yini a takarda, na hana a taɓa almakashinsa. Tun daga lokacin, surfanin da yake yi a wuyan riga babu mai kamo shi, kwastomomi daga unguwar Choggu suna zuwa da sunansa a baki.

Al'adar shagona ita ce bayan azahar a zauna a ci tuwo a kwano ɗaya, ni na kafa ta, domin albarka tana cikin taruwa a kan abinci. Sa'adu ba ya iyawa. Hannaye da yawa a cikin miya, da yauƙin kuɓewa, suna tayar masa da zuciya, shi ya sa yake zuwa da busasshiyar shinkafarsa daga gida, ya ci shi kaɗai.

Mai dafa mana tuwon kuwa mahaifiyar babban telana ce, wanda zan kira Fuseini. Wannan baiwar Allah an taɓa jifanta da maita a ƙauyensu, aka kore ta, ɗanta ya ɗauko ta ya kawo ta Tamale. Kun san abin da ƙin cin abincin irin wannan mata yake nufi a ƙasarmu. Masu sayar da koko a bakin titi sun fara cewa yaron Malam yana ganin abin da ba ma gani, shi ya sa ba ya taɓa tuwon tsohuwa. Maganar ta kai kunnenta, ta kwana biyu ba ta fita ƙofar gida ba.

Fuseini ya same ni yana hawaye, ya ce Malam, loma ɗaya kawai nake roƙo Sa'adu ya ci a gaban mutane. Na kira Sa'adu na umarce shi. Ya yi mini biyayya, ya kai hannu, sai amai ya kece masa a gaban kowa, ya toshe kunnuwansa. Wannan zunubin nawa ne, ina neman gafarar Allah. Abin da na so in kashe sai ya ƙara ruruwa. Na yi wa'azi a masallaci a kan zato da ƙazafi, aka ce sadakta, aka fita aka ci gaba da gulma. Na roƙi tsohuwa ta dafa masa shinkafa daban, ya ce ba irin ta gidansu ba ce, ya mayar da kwanon a rufe.

Yanzu Fuseini ya ce ranar Asabar zai ji daga bakina, ko Sa'adu ya bar shagon, ko shi ya kwashe mahaifiyarsa su bar unguwar, kuma teloli uku za su bi shi. Ban ga laifinsa ba, mutuncin uwarsa yake karewa. Mahaifiyar Sa'adu kuma ta durƙusa a gabana jiya, ta ce wurare huɗu aka sallame shi kafin nan, a nan kaɗai ya taɓa cika shekara.

Shi kuwa Sa'adu bai san ana wannan ba, ya tambaye ni wane zare zai sa wa rigar mako mai zuwa, na kasa rubuta masa.

Ku da kuka san wannan larura, ko kuke aiki da masu ita, yaya ake fahimtar da mutanen da tsoro ya riga ya shiga zukatansu? Idan kuma ba ya yiwuwa, wace uwa ce a cikin biyun nan zan aika wa mummunan labari ranar Asabar?