Tambayar Da Hadi Ya Yi A Ka'akiyya

Mansur, Makka

Zuwa ga Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ciwon gwiwa? Na ba Hajiya Khalida wannan takarda ta kawo miki Kano tare da dabino, don maganar ba ta waya ba ce. 'Yata Samah ce ke buɗe mini saƙonni, kin kuwa san kunnen 'yar taki.

Ranar Juma'a bayan la'asar mun taru a unguwar Ka'akiyya, gidan Hadi ƙanin marigayi maigidana. 'Yarsa Lujain ta kunna mana wani fim na ƙasar waje, wai labarin masu gidan burodi ne. Ashe wani saurayi ne mai ladabi da bin iyaye, amma zuciyarsa na wajen abokinsa namiji, yana ɓoyewa har ya rame. Da aka gane, falo ya hargitse. Jawahir matar Hadi ta dinga dariya tana kwaikwayon tafiyarsa, alhali tafiyarsa irin ta kowa ce. Samari suna ta a'uzubillahi, idonsu kuwa na kan talabijin. Hajiya Khalida kaɗai ta ce tausayi ya ba ta, tun da aka fara bai ci abinci ya ƙoshi ba. Hadi ya fizge wayar talabijin daga bango, ya ce da ɗansa ne da tuni ya yi masa sallar gawa.

Ni kuwa, Yaya, yayan Samah nake kallo ta gefen ido. Shayi yake zuba wa mutane. Kofi ya cika, ruwan zafi na malala a hannunsa, ko motsi bai yi ba.

Sai Hadi ya juyo cikin wasa, ya ambaci sunansa, ya ce, "Mairama, ke fa, da shi ne ya za ki yi?" Na yi abin da na saba in an kira sunan ɗana na fari a gabana, na kau da kai na fuskanci bango. Aka yi dariya, aka ce kunyata har yanzu ta Kano ce.

Tun ranar yaron bai ƙara cin abinci a gida ba. Ya karɓi aikin gyaran na'urar sanyi a tantunan Mina, can yake kwana, ba ya ɗaukar waya. Tsoro nake ji, na rasa wanda zan gaya wa.

Ƙanwarki,
Mairama

Kano

Mairama,

Wa'alaikumus salam. Dabino ya iso, Allah ya saka da alheri. Gwiwa na nan tana mulkinta.

Na karanta takardarki, na ƙone ta. Zato zunubi ko da ya zama gaskiya, don haka ban ce i ba, ban ce a'a ba. Hadi kuwa tun yana saurayi bakinsa ke riga kansa tashi, Jawahir ma ta samu abin yi ban da gulmar maƙwabta.

Laifinki zan faɗa miki. Marwan, ni zan kira sunan tunda ke ya fi ƙarfin bakinki, a Makka aka haife shi. Ya taso yana ganin uwayen abokansa na rungume su suna ya habibi, ke kuwa ko ruwa za ki ba shi sai ta hannun Samah. Mu mun san ƙauna ce ta sa kike kunyarsa. Shi wa ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa?

Na rubuta masa, Awwalu mai kai mahajjata zai miƙa masa a Mina. Ki dage da addu'a, kuma ki ci abinci.

Yayarki,
Ɗaso

Mina

Hala Ɗaso,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ki yi haƙuri da Hausata, ke kika koya mini rubuta ta shekarar da kika zauna da mu, rabi ya gudu.

Kin tambaye ni me ya kore ni daga gida. Wallahi, Hala, ban aikata komai ba. Ina salla, ina azumi, na yi kuka a gaban Ka'aba har na gaji. Amma yaron fim ɗin nan, yadda yake dariya a tsakar gidansu yana auna kowace kalma kafin ta fito, na san wannan. Tun ina sakandare na san shi. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Maganar Baffa Hadi ba ta ba ni mamaki ba, haka yake. Dariyar Jawahir ma ma'alesh, ba komai. Umma nake jira. Na ga ta gan ni, na san ta gane. Na ce ko kalma ɗaya ce za ta faɗa, ko da zagi ne. Sai ta juya mini baya a gaban kowa. Kin ce al'ada ce. Na sani, a cikinta na girma. Amma ranar ba al'ada nake bukata ba.

Sharikar da nake wa aiki za ta mayar da ni Dammam bayan Hajji, ni na roƙa. Gara ta riƙa cewa ɗanta na nesa da ta riƙa kallon bango saboda ni. Zan dinga aiko musu da abin da ya samu. Don Allah kada ki gaya mata.

Ɗanki,
Marwan

Kano

Mairama,

Sallama da gaisuwa. Ga takardarsa na haɗo miki. Ya ce kada in gaya miki, ban kuwa gaya miki ba, karantawa za ki yi da idonki. Allah ya yafe mini cin amana. Ba ni da fatawa a kan wannan, ni ma na kasa barci. Abin da na sani shi ne hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hajji ya matso, kada ki tsaya kunya.

Ɗaso

Mansur, Makka

Zuwa ga yayan Samah,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya zafin Mina? Ban taɓa rubuta maka ba.

Na ga abin da ka rubuta wa Yaya. Kada ka yi fushi da ita. Ranar nan na kau da kai ne don in na dube ka kuka zan yi, kowa kuma ya gane. Na zaci rufa maka asiri nake yi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban fahimci wannan abu ba. Ina tsoron Allah, ina tsoron bakin mutane, ban san yadda za mu ƙare ba. Ba zan tambaye ka komai ba sai ran da ka so. Baffanka kuma ba shi da amsa a wajena.

Kada ka tafi Dammam. In kuwa tafiyar ta zama dole, ka nemi gida mai ɗaki biyu.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka