Sunan Kawu Alhaji

Yaya Lantana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai hawan tudun Mpape da jarkar ruwa, shi ma na fara sabawa.

Oga Simon na ofishin da nake neman aiki ya gwada ni da regex, wato ƙa'idar da kwamfuta ke bi ta datse rubutu. Ya ce in cire Alhaji da Malam daga sunayen mutane. Zan tura ke nan na tuna Kawu Alhaji, da bai taɓa zuwa Makka ba, sunansa ne kawai. Ina dubawa, ashe na raba mutum arba'in da sunansu. Na gyara. Oga ya ce kujerar aikin ta zama tawa.

Ki ce wa Kawu kujerar Makkansa na wuyana, in sha Allahu.

Ƙanwarki,
Mashkura