Rasuwar Sa Godfrey Ormerod, Ƙafafun Bayan Marigold

Cikin alhini da karayar zuciya, Hukumar Gidan Wasan Kwaikwayo na Calderby, a madadin 'yan wasanta da masu ɗinkinta da masu fitila da masu jan labule, ta samu labarin rasuwar ɗan garin nan, fitaccen jarumin fim da dandamali, uban wannan gida kuma shugabansa na girmamawa, Sa Godfrey Ormerod, wanda Allah ya yi wa cikawa da safiyar Litinin a gidansa da ke Layin Masaƙa, yana da shekara saba'in da tara, a daidai lokacin da muke tsakiyar shirin wasan Kirsimeti na bana.

Marigayi Sa Godfrey ɗan ma'aikacin masaƙar ulu ne, a kan katakon dandamalin nan ya fara buɗe baki a gaban jama'a, kafin Landan ta gan shi ta ɗauke mana shi, masu fim kuma su ƙwace shi daga hannun Landan. Allah ya yi masa doguwar fuska da girar da ko murmushi yake yi sai ka ɗauka bashinka yake bi, saboda haka masu shirya fim suka dube shi sau ɗaya suka yanke hukuncin cewa wannan ba na soyayya ba ne. Ya fito a alƙali marar imani, ya fito a janar mai tura 'ya'yan mutane halaka, ya fito a kawun da ke haƙon gadon marayu. An sa masa guba, an harbe shi, an wurgo shi daga jirgin ƙasa, har mai ɗakinsa, Uwargida Enid Ormerod, takan ce ba a taɓa yin matar da ta kalli mutuwar mijinta sau da yawa kamar ita ba, kuma duk tana cin gugguru. Sai da furfura ta cika masa kai talabijin ta gano cewa mutumin nan ya iya tausayi, aka ba shi rawar likitan ƙauye a wani shiri, ƙasar nan ta zauna tana kuka tare da shi kowace Lahadi, daga nan lambobin yabo suka biyo baya, har fada ta kira shi ta ba shi sarautar Sa.

Wannan duk jaridu sun rubuta, kuma za su sake rubutawa. Abin da ba su sani ba, wanda iyalinsa suka yarje mana mu faɗa yau, shi ne inda marigayin yake ɓacewa kowace Disamba, lokacin da suke buga cewa ya tafi shan rana a Sifen. Babu Sifen ɗin da ya je. Yana nan cikin Marigold, saniyar ƙyallen da ke rawa a wasanmu na Kirsimeti. Kowane yaro a Calderby ya san mutum biyu ne a cikinta, amma al'adar gidan nan tun kakanni ita ce ba a rubuta sunansu, ba sa kuma cire fatar a gaban 'yan kallo, takardar wasa takan ce kawai Marigold ce ta fito a Marigold. Fiye da shekara hamsin, Mista Wilf Duxbury, abokinsa tun na makaranta, shi ne kai da ƙafafun gaba. Sa Godfrey Ormerod, mai lambobin yabo, shi ne ƙafafun baya, a duƙe, hannuwansa biyu a ƙugun abokinsa, ba ya ganin komai sai katako da dugadugan Mista Duxbury, ba ya kuma jin komai sosai saboda kaurin ƙyallen. Da zarar labule ya sauka, tambayarsa ɗaya ce kafin ya miƙe bayansa: “Wilf, sun yi dariya kuwa?” Amsar ita ma ba ta canzawa: “Sun yi, amma ba don kai ba, tsohon banza.”

Mun sha roƙon Sa Godfrey ya bar wannan wahala, ganin shekarunsa da ciwon bayansa, mun kuma san manyan finafinan da ya mayar wa masu su don kawai sun faɗo a Disamba, har muka ɗauka taurin kai ne irin na mutanen garin nan. Washegarin rasuwarsa Mista Duxbury ya zo gaban Hukuma, riƙe da hularsa, ya ƙi zama, ya ce mana: “Idona ya tafi tun tuni. Haske kawai nake gani da inuwa. Goff ne ke tuƙa ni daga baya. In ya matsa dama in yi dama, in ya matsa hagu in yi hagu, in ya ja bel ɗina na san bakin dandamali ne, in tsaya. Ya ce in kuka sani za ku zaunar da ni a gida, ni kuma in na zauna a gida mutuwa zan yi. To, ga shi na faɗa. Ku yi yadda za ku yi da ni.” Sai a lokacin muka fahimci dalilin da ya sa dattawan nan biyu suke shigowa hannu cikin hannu kowace rana, abin da muke ta yi musu tsiya a kai. Ni mai wannan sanarwa ban ɓoye hawayena ba.

Hukuma ba za ta iya tura makaho bakin ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali da baƙon hannu a ƙugunsa ba, ba za ta kuma iya ce wa Mista Duxbury ya tafi gida ba. Muna cikin wannan tsaka mai wuya Uwargida Enid, wadda ba ta ko binne mijinta ba, ta aiko a kira shi, ta ce: “Wilf, ni na wanke wannan ƙazamin buhun saniyar shekara da shekaru, kuma a ƙuguna Godfrey ya gwada matsawar nan a kicin kafin ya gwada a naka. Ba zan iya duƙawa ba, gwiwata ta ƙi. Amma a tsaye zan iya kai ka.” Saboda haka Hukuma na sanar da jama'a cewa Marigold ba za ta yi rawa bana ba. A ƙarshen kowane wasa, Mista Duxbury zai fito da fuskarsa a buɗe, rabin fatar na baya a rataye a hannunsa, Uwargida Enid na riƙe da ƙugunsa. Mun san mun karya al'adar gidan nan, kuma ba mu nemi afuwar kowa ba.

Hukuma na miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Enid Ormerod, da 'ya'yansu, Dakta Imogen Ormerod da Madam Bryony Ormerod-Platt, da jikoki, da ɗaukacin abokan sana'arsa na fim da dandamali, da mutanen Calderby baki ɗaya. Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma dubi Mista Duxbury da idon rahama. Za a yi jana'iza ranar Juma'a a cocin unguwarsu, kuma motar gawa za ta tsaya a ƙofar 'yan wasa ta gidan nan kafin ta wuce, kamar yadda ake yi wa kowane namu.

Sa Godfrey ya sha tafi a manyan dandamalin duniya, amma tun da ya shiga saniyar nan bai sake tsayawa a gaban mutanen garinsu da fuskarsa ba, bai kuma taɓa jin tafinsu sosai ba. Mun tambayi Mista Duxbury ko akwai abin da yake so a ƙara a wannan sanarwa. Ya ce: “Ku ce su zo ranar Juma'a, su zo da yaransu. Kuma in motar ta tsaya su tafa da ƙarfi, don Allah. Na baya ba ya ji sosai.”

Sa hannu:
Madam Prudence Haigh
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Hukumar Gidan Wasan Kwaikwayo na Calderby